Ma'anar Kalmar Tashri'i da Yadda Ta Bambanta da Kafa Doka

Akwai kalma guda wadda ta ke yawan jawo gardama a zaurukan malamai da rumfunan fatake, musamman idan zaɓe ya gabato, ko kuwa an ji hukuma ta fito da wata sabuwar doka. Kalmar ita ce tashri'i. Mai sauraron rediyon ƙasashen Larabawa ya kan ji ana kiran ikon majalisar dokoki da sunan ikon tashri'i, mai kafa doka kuwa a ce masa musharri'i. Shi kuwa tun yana gaban allo aka karantar da shi cewa babu mai shar'antawa sai Allah. To, sai hankali ya rabu biyu. Wani ya ce ashe duk wanda ya shiga majalisa ya yi jayayya da Ubangiji cikin haƙƙinsa. Wani ya ce ai suna ne kurum, ba kome. Kowanensu ya kama gefe guda na zance ya saki sauran. Abin kuwa ba ƙarami ba ne, domin a kansa an kafirta Musulmi, a kansa kuma waɗansu sun halatta wa kansu fasa-ƙwauri da ƙin biyan abin da ke wuyansu, suna cewa ai dokar mutum ce.

Mai karatu ya fara da asalin lugga. Haruffa uku ne tushen kalmar: shinun, ra'un da ainun. Larabawan dauri suna kiran mashaya, watau wurin da dabbobi ke gangarawa su sha ruwa mai gudana ba tare da an ja guga ba, da sunan shari'a ko mashra'a. Daga nan aka ari sunan aka ba tafarkin addini, domin shi ma hanya ce bayyananna mai kai wa ga abin da rai ke rayuwa da shi. Har yanzu Balarabe yana kiran titin gari shari'u, kuma da wannan lafazin ne malaman usulu ke ambaton Mai shar'antawa. Ga abin mamaki: rubutu ɗaya, a wani wuri hanyar jakai da motoci, a wani wuri Ubangijin talikai. Siyaƙin magana ne kaɗai ke rarrabewa.

Cikin Alƙur'ani mai girma tushen ya zo a wurare kaɗan. A Suratu Shura aya ta 13 an jingina aikin ga Allah, inda aka bayyana cewa Shi ne ya shimfiɗa addinin da ya yi wasiyya da shi ga Annabi Nuhu da sauran manzanni. A aya ta 21 ta wannan sura kuwa an jingina shi ga abokan tarayya bisa hanyar zargi, domin sun shimfiɗa wa mutane addini ba da izininsa ba. Ya zo kuma a Ma'ida aya ta 48, da Jasiya aya ta 18. A A'arafi aya ta 163 ya zo da ma'anar bayyana, cikin labarin kifayen ranar Asabar. Amma siga ta tashri'i kanta, wadda ke bisa awon taf'ili, ba ta zo cikin Littafi ba ko sau ɗaya. Malaman farko sun yi amfani da ita jefi-jefi, ba ta zama sunan wani fanni ko wata hukuma ba sai a zamanin baya-bayan nan, sa'ad da Misirawa da Shamawa suka nemi kalmar da za su fassara abin da majalisun Turai ke yi. Shaihu Muhammadu al-Khudari na Masar, wanda ya rasu a 1927, ya wallafa littafi kan tarihin tashri'in Musulunci, sunan kuwa ya bi makarantu har ya zauna daram.

To, a nan ne rikicin ya samo asali, domin an ɗora wa jaki guda kaya biyu. Shaihu Abdulwahabi Khallaf, malamin usulu na Alƙahira da ya rasu a 1956, ya warware wannan ƙulli da kyau. Ya nuna cewa ana faɗin tashri'i a nufi ɗayan abu biyu. Na ɗaya, ƙago hukunci tun daga tushe, a ce wannan halal ne wancan haram ne, wannan ibada ce wancan saɓo ne. Wannan na Allah ne shi kaɗai, Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, mai isarwa ne da bayani. Ƙofar ta buɗe shekara 23, aka saukar da hukunce-hukunce sannu-sannu, kamar yadda aka hana giya hawa-hawa, sa'an nan ta rufe da wafatinsa. Babu nasihi babu mansuhi bayan wannan. Na biyu kuwa, fitar da hukunci daga shari'ar da ta riga ta tabbata, da tsara yadda za a gudanar da ita. Wannan aikin mutane ne tun zamanin Sahabbai. Imamu Shaɗibi ma cikin Muwafaƙatu bai ji nauyin cewa mufti mai shar'antawa ne ta wata fuska ba, domin yana tsaye a matsayin magajin Annabi wajen bayani. Ibnul Ƙayyimi kuwa ya kira muftai masu sa hannu a madadin Ubangiji, ya sa wannan cikin sunan littafinsa, don ya tsoratar da su girman abin da suka ɗauka.

Zargin da ke cikin Shura aya ta 21, da irinsa cikin Tauba aya ta 31 da Nahli aya ta 116, a kan ma'ana ta ɗaya ya ke. Wanda ya ɗauko shi ya ɗora a kan dokar awon mudu ko dokar tsabtar mahauta, ya sa aya inda ba muhallinta ba.

Harshen Hausa, alhamdu lillahi, ya huta da rabin wannan wahala, domin ya raba kalmomin tun da wuri. Bahaushe yana da shari'a, yana da doka, kowace da aikinta. Idan ya ce alƙali yana yin shari'a, nufinsa yana sauraron masu ƙara ya yanke hukunci; ba ya nufin yana ƙaga wani abu sabo. Idan ya ce sarki ya kafa doka, ko ya sa doka, kowa ya san umurni ne ko hani na mai iko, wanda a ke iya tsaurarawa, a sassauta, a soke. A duba aikatau da ke raka ta: doka a kan kafa ta kamar shinge, a kan keta ta ko a karya ta kamar shinge, a kan ɗage ta in bukata ta wuce. Shari'a kuwa bin ta a ke yi, kamar hanya. Ba a taɓa jin Bahaushe ya ce an ɗage shari'ar azumi ba. Daga doka aka sami ɗan doka, watau ɗan sandan En'e na dā, aka sami Majalisar Dokoki. Da Turawa suka zo sai oda ta shigo ta zauna kusa da ita, har a ke cewa doka da oda. Kada dai almajiri ya rikita ta da dokar daji ko dokar kitso, ko da ya ke a allo haruffansu ɗaya ne.

Kalmar ta daɗe, kuma ta taɓa shan suka daga babban malami. Cikin Kitabul Farƙi, wanda a ke jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an lissafta al'adun sarakunan Haɓe da sunayensu na Hausa, kamar jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Cikinsu an ambaci hana bayin Allah abin da shari'a ta ba su, kamar lulluɓi ga mata da rawani ga maza, aka ce wannan hanin shi su ke kira doka. A lura da abin da aka zarga. Ba a zargi sarki don ya yi umurni ba, an zarge shi don umurninsa ya hana abin da Allah ya yi umurni da shi. Shaida kuwa ita ce ƙanensa Malam Abdullahi, da Kanawa suka roƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma rubuta Liya'us Siyasati, inda aka yi bayanin faɗin ikon shugaba wajen tsare maslaha da tsawatar wa miyagu. Tun kafin su da shekara ɗari uku Shaihu Magili ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa irin wannan wasiyya. Su duka sun sha daga tafki guda, watau babin siyasa ta shari'a, wanda Ibnu Farhuna ya faɗaɗa cikin Tabsiratul Hukkami.

Wanda ya fi kowa tsefe wannan mas'ala cikin Malikawa shi ne Imamu Ƙarafi na Masar, da ya rasu a shekara ta 684 ta Hijira. Ya rubuta littafi sukutum don rarrabe fatawa da hukuncin alƙali da tasarrufin shugaba. Fatawa labari ce game da hukuncin Allah, mai tambaya ne ke ɗaukar nauyin aiki da ita. Hukuncin alƙali yana lizimtar masu husuma biyu cikin ƙararsu, yana kuma yanke saɓani a kanta. Tasarrufin shugaba kuwa yana bin maslahar lokaci, wanda ya gaje shi yana iya sake shi idan maslahar ta sake. Dokar da hukumomi ke kafawa a yau, in an auna ta da wannan ma'auni, mafi yawanta a kaso na uku ta ke. Sayyidina Umaru ya kafa diwani na rubuta sunayen mayaƙa da rabonsu, ya kafa lissafin shekara daga Hijira, ba wanda ya ce ya ƙara wani abu cikin addini. Malikawa sun ɗora wa masu sana'a, irin su maɗinki da marini, lamunin kayan mutane da suka salwanta a hannunsu, bisa maslaha, don kada amana ta zama ƙofar cin dukiya. Ko ƙayyade farashi, wanda Manzon Allah ya ƙi yi a Madina da aka roƙe shi, malamai sun yi magana mai tsawo a kansa, waɗansu suka ba shugaba dama idan 'yan kasuwa suka haɗa baki suka cuci jama'a, da sharaɗin a tara su a san jarinsu a bar musu riba.

Misali na kusa ya fi shiga. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, don ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru. Babu aya babu hadisi kan hagu ko dama a titin mota. Ran 1 ga wata mai bin hagu shi ne mai gaskiya, kashegari shi ne mai laifi. Amma direban da ya ce wannan dokar mutum ce, ya bi inda ya ga dama har ya kashe rai, babu malamin da zai kuɓutar da shi daga lamuni. Tsare rai na shari'a ne, zaɓen gefe na hukuma ne, biyayyar kuwa ta shiga ƙarƙashin aya ta 59 ta Suratun Nisa'i. Haka sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a farkon 1973.

Saboda gudun wannan shubuha waɗansu ƙasashe suka kauce wa kalmar ɗungum. A ƙasar Saudiyya ba a cika kiran dokar hukuma ƙanuni ba, sai nizami, ikon kafa ta kuwa tsarin mulkinsu na 1992 ya kira shi ikon tanzimi, watau tsarawa. Masar ta bi wata hanya. Ta riƙe kalmar tashri'i ga aikin majalisa, sa'an nan ta rubuta cikin tsarin mulkin 1971 cewa ƙa'idodin shari'ar Musulunci tushe ne babba na tashri'i. A gyaran 1980 aka ƙara alif da lam, ya zama su ne babban tushe. Haruffa biyu ke nan, amma lauyoyi da alƙalai sun shekara da shekaru suna muhawara a kan abin da suka haifar. Ɗalibin nahawu da ke ganin babin ma'arifa da nakira wasa ne, ga amsarsa.

Ita kuwa ƙanuni da waɗansu ke ƙyama, asalinta daga Yunananci ne, ma'anarta sandar awo. Malamai ba su guje ta ba. Ibnu Sina ya sa wa littafinsa na likitanci wannan suna, Ibnu Juzayyi Bamalike kuwa ya kira littafinsa na fiƙihu Ƙawaninu. Sarkin Turkawa Sulaimanu, wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566, laƙabinsa ma Ƙanuni ne, saboda dokokin ƙasa da haraji da ya tsara a gefen fiƙihu.

Akwai wata fuska ta uku da ta fi waɗannan sarƙaƙiya, ita ce a ɗauki fiƙihu kansa a zuba shi cikin sassa masu lamba, hukuma ta sa hannu ta tilasta wa alƙalai bin sa. Larabawa na ce wa wannan taƙnini. Tunanin tsoho ne. Ibnul Muƙaffa ya ba Halifa Mansur shawarar haka, ganin alƙalan gari ɗaya suna saɓa wa juna cikin jini da dukiya. An kuma ruwaito cewa an nemi Imamu Malik ya yarda a tilasta wa jama'a Muwaɗɗa, ya ƙi, domin Sahabbai sun watsu cikin garuruwa kowane da ilminsa. Aka yi ƙarnoni ba a yi ba, sai daular Usmaniyya ta tsara Majalla tsakanin 1869 da 1876, sashi 1,851 bisa mazhabar Abu Hanifa, kan ciniki da haya da lamuni da jingina da tarayya da shaida. Littafinta na farko kan saye da sayarwa ne. Fatake ne suka fi kowa cin moriyarta, domin mutum ya san hukuncin cinikinsa tun kafin ya ɗaura kaya.

Arewacin Nijeriya ta ɗanɗani wannan sau biyu. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Sayyid Muhammadu Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, aka tsara kundin laifuffuka wanda majalisa a Kaduna ta zartar a 1959, ya fara aiki a 1960. An ɗauko samfurinsa daga na Sudan, shi kuwa daga na Indiya, aka bar waɗansu abubuwa don Musulmi kamar hukuncin shan giya. Daga ranar alƙali ya daina buɗe Muhtasar don yanke hukuncin laifi, ya koma buɗe kundi. Na biyu, Jihar Zamfara ta yi shela a Oktoba 1999, kundinta ya fara aiki a Janairu 2000, har waɗansu jihohi 11 suka bi sahu ta hanyoyi dabam-dabam. Me ya sa sai da aka bi ta majalisa? Domin sashi na 36 na tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta kowa da laifi sai an rubuta laifin da horonsa cikin rubutacciyar doka. Saboda haka kundin nan jiki biyu gare shi. Haddin da nassi ya yanke ba majalisa ce ta ƙago shi ba. Amma zaɓen ƙauli ɗaya cikin ƙaulani, da adadin bulalar ta'aziri, da yawan tara da watannin ɗauri, duk ijtihadin mutane ne. Wanda ya nemi a gyara sashi daga cikin irin waɗannan bai yi ridda ba, kuma wanda ya kira kowane layi na kundin wahayi ya yi wa shari'a ƙari, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Wannan kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa, ba a cika yin wa'azi a kansa ba.

Yadda a ke kafa doka a tarayyar Nijeriya kuwa sananne ne. Sashi na 4 na tsarin mulki ya ba Majalisar Tarayya ikon, dattawa 109 da wakilai 360. A kan kawo ƙuduri, wanda Larabawa ke kira mashru'u, daga tushen nan dai na shinun da ra'un da ainun. A karanta shi sau uku, kwamiti ya tsefe shi a tsakani, zaure biyu su yarda da lafazi guda, sa'an nan a kai wa Shugaban Ƙasa. Yana da kwana 30. In ya ƙi sa hannu, kashi biyu cikin uku na kowane zaure ya isa ya mai da ƙudurin doka ba da shi ba. Haka a ke yi a jiha tsakanin majalisa da gwamna. Kafin wannan, ƙuduri magana ce kawai, ba ya kama kowa. Sau da yawa a kan ji kasuwa ta ruɗe farashi ya tashi don an ce an kafa doka, alhali karatu na ɗaya aka yi. Bafatake ya tambaya tukuna: ƙuduri ne, ko doka ce da aka sa wa hannu, ko kuwa sanarwa ce ta wata ma'aikata? Ukun nan ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba kuma hanyar ƙalubalantarsu ɗaya ba.

Kada kuma a rikita rinjayen ƙuri'a da ijma'i. Ijma'i haɗuwar mujtahidai ne a kan hukuncin shari'a, ba a warware shi. Rinjaye kuwa ƙidayar hannuwa ce, na bana yana rushe na bara. A zamanin soja ma babu ƙidayar: daga 1966 aka rufe majalisu, doka ta zama abin da shugaban soja ya sa wa hannu. Doka mai lamba 34 ta Mayu 1966, wadda ta soke tsarin tarayya, ba ta yi wata huɗu ba aka soke ta, bayan an yi hasarar rayuka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa, ita ma ta soja ce, amma an cusa ta cikin tsarin mulki, har yau da ita gwamna ke ba da takardar fili, da ita kuma a ke karɓe gona idan an ce jama'a na bukata.